Amyoyin Baba da Takardar Kurmin Marke

Zuwa ga ƙanena Almustafa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya kai da iyalinka, ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan Dogarawa lafiya lau. Gero ya yi, wake ne kaɗan, mai ɗakina Saude kuma ta samu sauƙin idonta.

Shekara bakwai ke nan ina aika maka magana guda kan takardar Baba, kai kuma kana aiko mini da shayi da sukari. Na sha, na gode, amma shayi ba amsa ba ne.

Ka san Kurmin Marke. Tun da aka zagaye shi da waya na ce maka wata rana za a zo kan amyoyin Baba. To, ranar ta zo. Mutanen hukuma sun share hanyoyi, sun jera bencina ƙarƙashin tsamiyoyi, sun ɗaura wa yara lilo, wai mutanen Konni da Malbaza su riƙa zuwa shan iska. Ban ƙi ba, inuwa ta Allah ce. Amma Attahiru, wanda aka ba riƙon wurin, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce in sauke amyoyina goma sha ɗaya kafin babbar Sallah, don kada zuma ta harbi baƙi.

Na tambaye shi wa ya tsare kurmin nan shekarar fari, sa'ad da kowa ya ɗauki gatari. Ba waya a lokacin, ba mai gadi. Duk wanda ya sari icen da ke da amya, sai dai a ga gatarinsa a ƙasa, shi kuwa yana can bakin fadama da kumburarren leɓe. Kowane marke da suke ɗaukar hoto a gindinsa yau, zuma ce ta bar musu shi. An ci moriyar ganga ke nan.

Yaron nan Attahiru yana da ladabi, ban raina shi ba. Ya ce in akwai takardar izini, zai roƙa a bar mini kusurwar gabas, inda ba kowa ke zuwa ba. Takarda kuwa akwai ta, wadda malamin daji ya ba Baba da hatimi. Kai ka saka ta cikin akwatinka ranar da za ka tafi lakwal karatun boko, ka ce ni ban iya karatu ba, gara za ta cinye ta a hannuna. Ban manta ba.

Ka gaida Badi'a da Ummul-Khairi da 'yan jikoki. Ka ce musu kwalbar zumar da suke jira duk shekara daga kurmin nan take fitowa.

Sati biyar ya rage. In takardar tana nan, ka ba direban motar Konni. In ta ɓata, ka faɗa mini da bakinka, ba ta bakin wani ba. Ni dai ba zan hau ice da hannuna in sauke abin da Baba ya ɗora ba. Ka amsa mini, Almustafa. Kada ka aiko shayi.

Yayanka,
Rabo mai zuma