Inna, Haske Ya Bar Mini Fuskarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da durƙuso irin na ɗa ga uwa, ina fatan rahamar Allah na lulluɓe da ke inda kike kwance a Gadaka.

Kin san ɗanki ba mai yabo ba ne. Na yi boko har inda aka ce ya ƙare, na dawo Potiskum na tsufa ina koya wa yara darasin haske a ajin da babu wutar lantarki. Waɗanda na kayar a jarrabawa su ke wuce ni a mota, ni ina maƙale a keke napep. Na daɗe da yanke ƙauna da ƙasar nan. To, yau yabo ne ya kawo ni.

Ciwonki ne ya same ni. Ina tuna yadda tsakiyar ganinki ya tafi, gefe ya rage. Kina ganin giftawar kaza, amma ba kya ganin wanda ke zaune gabanki. Kika riƙa cewa, “Matso in taɓa, hannu ma ido ne.” Idona na hagu tuni ya bi wannan hanya. Bara na dama ya fara: ƙyauren ɗakina ya lanƙwashe, wani duhu ya zauna a tsakiya.

Ba rabuwa da littafi na ji tsoro ba, Inna. Ba mu da hotonki ko ɗaya, kin ƙi mai hoto har kika rasu. Abin da ya rage mini na fuskarki yana wurin takwararki, ’yata Uwani. Wushiryarki ce, goshinki ne, har ɗage girar nan da kike yi in na yi ƙarya. Rannan ta kawo mini kunu, na ɗaga kai, na ga mayafi da kofi, babu fuska.

Ita ta ja ni, ina mita, zuwa wani asibitin ido mai nisa. Likitar, wadda ba ta wuce sa’arta ba, ta ce wasu jijiyoyin jini ne suka tsiro can bayan ido inda bai kamata ba, suna yoyo. Sai na tuna ƙuduji a gonar dawarki, da yadda kike cewa cire shi ba wuya, barin dawar da rai shi ne aikin.

Dubi hikimar. Aka sa mini magani ta jijiyar hannu, ya bi jini ya taru a miyagun jijiyoyin nan. Maganin ba ya komai sai haske ya taɓa shi. Sannan ta saita wani jan haske marar zafi daidai wurin, na ɗan lokaci. Inda hasken ya tarar da maganin, jijiyoyin suka toshe, lafiyayyen wurin da ke kusa ya tsira. Babu wuƙa. Ni da na ƙarar da alli ina zana haske a allo, ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba.

Aka ce in ɓuya wa rana na ’yan kwanaki, don ragowar maganin na iya sa ta ƙona mini fata. Na dawo unguwarmu Yerimaram a naɗe cikin rawani da safar hannu da baƙin tabarau, na shige ɗaka. Maƙwabcina Alhaji Modu mai shanu ya yi ta yaɗawa a majalisa, “Malam ya shiga takaba, ko wa ya mutu masa oho!” Ke da kike cewa ɗan Gadaka ba ya gudun rana, da kin sha dariya.

Likitar ba ta yaudare ni ba, shi ya sa na girmama ta. Ta ce abin da ya tafi ya tafi, ragowar ake karewa, kuma wataƙila sai an sake aikin. Karatu har yanzu da ƙyar nake yi.

Amma shekaranjiya da hantsi Uwani ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jinina. Na ce na sha. Girar nan ta ɗaga, Inna. Na gan ta sarai. Na tashi na je na sha.

Allah ya yi wa hannun yarinyar nan likita albarka. Ke kuwa da kika ƙare kwanakinki cikin duhu ba ki yi ƙorafi ba, Allah ya cika kabarinki da haske, ya nuna mini fuskarki a Aljanna. Amin.

Ɗanki mai yawan mita,
Garba
Yerimaram, Potiskum