Agogon Alhaji Rabe Ba Ya Son Zama

Magama, Jibiya
Fabrairu 1975

Zuwa ga mai ɗakina Luba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da 'yarmu Nana. Yaya ƙafar Inna?

Luba, kasuwa ta buɗe. Tun da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji kowa agogo yake so, 'yan kwastan har layi suke yi a kantin maigidana Barau. Ni da na baro Mazanya ban san gaban agogo da bayansa ba, yanzu bayani nake zubawa kamar a Japan aka yanke mini cibiya.

Ran Lahadi Alhaji Rabe na Maraɗi ya tsallako. Mutumin nan tara agogo yake yi yadda kike tara kwanukan jere. Akwati guda gare shi, kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya wana, ya kara a kunne. Barau ba ya nan, ni na tare shi. Ya yi ta tambayata a kan wani sabon agogon Japan. Rabi ban gane ba, amma duka na amsa. Na ce masa wannan ba a wana shi, da kansa yake tafiya, haka na ji dillalin Kano ya faɗa. Ya saya nan take.

Barau ya ce in Alhaji ya zama namu, ɗakin bayan kanti nawa ne, in ɗauko ku. Murna ta hana ni cin abinci.

Naki,
Kalilu

*

Luba,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Nana ta fara tsayuwa.

Kada ki ɗaure kaya tukuna. Alhaji ya dawo da agogon, ya mutu murus. Ya ajiye shi cikin akwati, kwana biyu sai shiru. A gaban jama'a ya ce ba ya sayayya wurin masu sayar da abin da ba su sani ba. Barau ya ce ko in gyara, ko in koma riƙon fartanya.

Na sa shi aljihu na hau bayan a-kori-kura zuwa Katsina. Ina miƙa wa mai gyara, sai ga shi yana tafiya lafiya lau. Na mayar wa Alhaji, ya sake mutuwa. Na sake kai shi Katsina, ya sake tashi, mai gyara yana yi mini kallon mai taɓin hankali. Masu shayi sun ce aljani ne, Barau ya ce ƙila ƙasar Faransa ce, wato Nijar, ba ta karɓe shi ba.

Raina a ɓace yake. Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Kalilu

*

Luba tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

Agogon ya ƙara mutuwa, na sake kama hanyar Katsina, amma wannan karon ban sa shi aljihu ba, a kunne na riƙe shi. Mota na faɗawa ramukan hanya na ji ya farka. Na roƙi mai gyara ya buɗe bayansa, sai ga wani ɗan ƙarfe kamar rabin sisi yana lilo. Ashe motsi ne abincinsa! Zaman akwati ke kashe shi.

Ban tsaya kanti ba, na zarce Maraɗi. Na girgiza agogon na kara wa Alhaji a kunne. Luba, dattijon nan dariya ya yi ta yi kamar yaro. Ya jawo akwatinsa, muka wuni yana koya mini abin da Barau ma bai sani ba, ni kuma wanda ban gane ba na tambaya.

Sai dai Alhaji ba ya fifita agogo kan ɗan'uwansa, kowanne da ranar da yake ɗaura shi. Ya ce wannan yana buƙatar hannun da ba ya hutawa. Na ce na san irin hannun, yana Mazanya yana daka. Ya ce to agogon ya zauna wurinmu, ya riƙa karɓa in ranarsa ta zagayo.

Barau ya ba ni makullin ɗakin. Zan zo ran Juma'a. Kome za ki bari, kada ki bar turmi da taɓarya.

Mijinki mai ɗokin ganinki,
Kalilu