Saƙon da ya kwana tara a Spam

Yaya Muhyiddeen,

Bayan asuba na ɗauki wayarka na duba imel ɗina da kaina. Ashe makarantar koyon jinya ta kira ni intabiyu tun kwana tara. Saƙon ya faɗa akwatin da aka rubuta wa Spam, kai kuma na farkon kaɗai kake duba mini. Jiya aka yi intabiyun.

Ban ga laifinka ba. Har yanzu ma ban ji komai ba.

Daga yau in ka buɗe imel ɗina, ka riƙa danna layukan nan uku na saman allon wayar, ka buɗe Spam safe da yamma.

Na bi motar farko ta Kano da takarduna. Shekara uku ina jira. In na makara, su faɗa mini a gabana.

Mas'uda