Sakin Layin da Na Yanke

Talata, 4 ga Yuni

An kwantar da Baba a asibiti yau da hantsi. Ƙafafunsa ne suka ƙi ɗaukarsa a ƙofar banɗaki, Yaya ya kinkime shi zuwa mota. Likita ta ce sinadarin fotashiyam ya yi masa yawa a jini, har ya fara taɓa bugun zuciya. Ƙoda ce ke tace shi, tasa kuwa tun bara take ɗingishi.

Ta tambayi abin da yake ci. Yaya ya jero: ayaba da safe, matsattsen lemo da rana, dabino, ɗanyen tumatir, alayyafo kusan kullum. Ta ajiye biro. "Wa ya ɗora shi a kan wannan?" Yaya ya ce a jarida Baba ya gani. Bai dube ni ba. Da ma ya duba.

Laraba, 5 ga Yuni

Na je gida ɗauko masa kaya. Shafina na jarida ne manne a ƙofar firji, na watan Afrilu, gefensa duk maiƙo. Kanun nawa ne: "Garkuwar Jiki Tana Cikin Kwandon Kasuwa". Baba ya ja layi da jan biro ƙarƙashin kowane ɗan itace, kamar mai shirin jarrabawa.

A tsaye na sake karanta shi. Babu ƙarya ko ɗaya. Wata ƙwararriyar abinci ce ta aiko, ni na gyara. Ta yi bayanin antiyoksidan, sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kamar yadda ruwan lemon tsami ke hana yankakkiyar tuffa yin baƙi. Ta ce a ci masu launi: ja, kore, ruwan ɗorawa. Duk daidai.

Abin da babu shi ne sakin layinta na ƙarshe. Wanda ta ce masu ciwon ƙoda da masu shan wasu magungunan hawan jini su tuntuɓi likita tukuna, don wasu daga cikin waɗannan na iya yi musu illa. Tallan kujeru ne ya shigo a makare ranar, mai tsara shafi ya ce in rage masa wuri. Na yi abin da aka koya mana tun muna ɗalibai: labari daga ƙasa ake yanke shi, don abu mai muhimmanci a sama yake zama. Ita kuwa ba 'yar jarida ba ce. Irin rubutun likitoci ta yi, gargaɗi a ƙarshe.

Na karanta shi kafin in yanke? Na karanta. Ina tunawa har na ce a raina, kowa ya san wannan.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ni na kai shi asibiti bara da aka gano ciwon. Ina zaune aka faɗi abin da zai rage. Ina jin waya nake dubawa.

Kuma kwandon. Wannan ne ba na son rubutawa. Tun Afrilu nake aika masa kwandon 'ya'yan itace duk Asabar, a madadin zuwa. In ya kira ya ce, "Uwata, yaushe za mu gan ki?" sai in ce aiki, Baba, amma saƙo na hanya. Har jin daɗin kaina nake yi, wai 'ya mai kula.

Asabar, 8 ga Yuni

Ya ɗan farfaɗo. Har ya fara tsokanar mai gadon kusa da shi, wani tsohon direba mai munshari. Ya nuna ni: "Ka ga editar nan? Abin da ta rubuta ko likita sai ya karanta." Na shiga gyara masa filo don kada in amsa.

Likita ta tare ni a baranda. Ba abincin ne kaɗai ba, in ji ta; maganin hawan jininsa ma yana riƙe fotashiyam, ƙodar kuma dama tana ja da baya. Na kama maganar kamar mai nutso. Sai ta ƙara: "Amma abincin ya tura mota a gangare." Sun sauko da fotashiyam ɗin da magani. In ya sake hawa bayan an gyara abinci, sai wankin ƙoda.

Matar Yaya ta ce ta sha hana shi lemon, yana ce mata, "Ke kin fi jarida sani ne? 'Yata ce fa ta rubuta." Ba da gori ta faɗa ba. Da gori ne, da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 10 ga Yuni

Na nemi Oga, babban editanmu, ya ba ni gurbin gyara. Ya karanta tsohon shafin, ya ɗaga kafaɗa. "Me za mu gyara? Ba mu buga kuskure ba." A ƙa'ida gaskiyarsa. Ni ma da haka zan ce wa wani. Na ce to a ba ni saman shafin Asabar. Ya tambaya ko wani ya kawo ƙorafi. Na ce a'a. Wanda ya kamata ya kawo yana kwance yana yabona.

Na kira ƙwararriyar. Ta ce ta lura tun ranar da ya fito, ta ɗauka haka tsarinmu yake. Mutum nawa ne suka manna shafin nan a firji? Ba lissafin da zan iya ba ne.

Talata, 11 ga Yuni

Ban je asibiti ba yau. Na ce aiki.

Laraba, 12 ga Yuni

Na faɗa wa Baba. Na shirya jimlolin tun a mota, abu mai muhimmanci a farko, amma da na zauna sai suka fito a hargitse. Ya saurara yana kallon robar ƙarin ruwa. Sai ya yi dariya har da tari.

"Uwata, ke dai da ɗaukar kaya. Ai na san likita ta hana ni ayaba. Kwaɗayi ne ya kama ni, na samu lauya a jarida. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari." Ya ce in bar zancen, in miƙo masa ruwa.

Na fito da sauƙi a ƙirji. Sauƙin ya raka ni har wurin ajiye motoci. Ina saka mabuɗi na tuna: Baba ba ya cin ayaba. Tun muna yara, ko warinta ba ya so, in Mama ta saya sai ta ɓoye a bayan tukwane. Na kira Yaya don in tabbatar. Ya ce, "Toshe hanci yake yi ya haɗiye. Wai ke kika sa ta a layin farko."

Na daɗe a motar ban tayar ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Shafin ya fito. Sakin layinta ne a sama, da manyan baƙaƙe, kalma bisa kalma yadda ta rubuta. Amfanin 'ya'yan itacen yana nan a ƙasa, ban rage komai ba. Gaskiya ne, ba laifinsu. Mai tsara shafi ya ce ya lura kwanan nan daga ƙarshe nake fara karanta rubutu. Ban sani ba. Wataƙila.

Ban aika kwando ba. Tuffa ɗaya na saya, bayan na tambayi likita, na kai da kaina. Na fere ta a bakin gadonsa, ya ci rabi, ya ce sauran nawa ne. Ban yi masa zancen ayaba ba, shi ma bai yi ba. Ya karɓi jaridar, ya sa tabarau, ya nemi jan biro.

An ɗebi jininsa da la'asar. Sakamako sai Litinin.