Hoto na Ashirin da Uku

Dukawuya, Kano
14 ga Yuni, 1999

Zuwa ga surukina Alhaji Ashafa, Maiduguri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da 'yarmu Sa'adiyya.

Wasiƙarka ta iso. Na amince da ɗaurin aurenta ranar Juma'a biyu ga Yuli. Shekara biyu da rabi ke nan da aka aiko mana cewa ɗana Mikail, mijinta, ya rasu a hatsarin mota, aka binne shi ba mu ga gawarsa ba. Ta yi masa takaba, ta yi haƙuri. Ba ni da hujjar tsare ta.

Tun da sojoji suka sauka daga mulki ake mayar wa iyalai kayan waɗanda suka ɓace. Jiya wani mutum da ya ƙi faɗin sunansa ya kawo mini kyamarar da Mikail ke aikin jarida da ita. Akwai fim a ciki, na kai a wanke.

Naka,
Dakta Musa Bukar

Dukawuya, Kano
19 ga Yuni, 1999

Alhaji, assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ina roƙonka ka karanta wannan kai kaɗai.

Hotunan sun fito. Ashirin da biyu na farko na bikin sunan ɗan ƙanwarsa Turai ne, wanda aka yi a Disambar 1996, wata guda kafin labarin rasuwar. Na ashirin da uku malam-buɗe-littafi ne a kan hannun hagu na mutum. A gindin babban yatsan akwai tabon ƙunar fitila. Ni na kai Mikail asibiti ranar da ya ƙone, yana ɗan shekara shida.

Ka san shekara talatin na yi ina koyar da ilimin ƙwari. Wannan jinsin kama biyu gare shi: wanda aka ƙyanƙyashe da rani shuɗi ne mai duhu, na damina kuwa ja ne mai baƙin gefe. Na hoton ja ne, fikafikansa sababbi, ko gefensu bai tsage ba. Na sa gilashin ƙara girma, na gwada da littattafaina uku, ina neman inda na yi kuskure. Ban samu ba.

Alhaji, a Janairu muka yi masa sallar gaibu. Hannun nan yana raye da damina, aƙalla wata biyar bayan mun karɓi gaisuwa.

Ban ce yana raye yau ba. Ilimina bai kai nan ba. Mahaifiyarsa ma ban gaya mata ba tukuna. Amma ba zan iya shaida cewa Sa'adiyya ba matar aure ba ce.

Don girman Allah, a dakatar da ɗaurin auren nan.

Wassalam. Naka,
Musa