Ba Zan Yaye Bargo Daga Jikin Tsoho Ba

Anti mai ba da shawara, don Allah ki agaza mini kafin ranar Litinin. Kaina ya ɗau zafi, kuma ko a gida ba mai goya mini baya.

Ni mai sharar titi ce a ƙaramar hukumarmu, shekara goma sha tara ina jan tsintsiya a layuka huɗu. Na san ƙofar da ake buɗewa da sassafe, na san wadda in ta kai hantsi a rufe to ba lafiya ba. Sanyin bana kuwa kin san shi, sai na hura wa yatsuna iska kafin su yarda su riƙe tsintsiya. Hukuma ta sayo barguna don tsofaffi da marasa ƙarfi, madalla. Amma sai aka ce duk mai so ya zo ofis da ƙafarsa, da katin shaidarsa, ya hau bene na biyu ya sa hannu. Anti, wanda zai iya hawa bene biyu da ƙarfe takwas na safe cikin wannan sanyi, shi ne marar ƙarfin?

A layina akwai wani tsohon tela da muke kira Baba Almakashi. Gwiwoyinsa sun ƙi, 'ya'yansa suna nesa, shi kaɗai ne a shagon da ya zame masa ɗaki. Ranar Talata na ga ƙofarsa a rufe har rana ta ɗaga. Da na tura, sai na same shi a ƙudundune, ya lulluɓa da ƙyallayen ɗinki da labulen ƙofa, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Mutumin da ya shekara arba'in yana yi wa jama'a sutura. Wallahi kuka na yi.

Sau biyu ina zuwa wurin shugaban sashenmu don nema masa bargo, amsarsa ɗaya, wai doka doka ce. To, a sito ɗaya ake ajiye tsintsiyoyinmu da bargunan. Na gan su jibge har rufi, ko ledarsu ba a yage ba. Na ɗebi shida na zuba a baro, da rana tsaka, a gaban mai sito, na kai wa Baba Almakashi da wasu biyar irinsa.

Yanzu an miƙo mini takardar tuhuma, Litinin zan tsaya gaban kwamiti. Wai in sa hannu cewa sata na yi, in nemi afuwa, in dawo da bargunan, sai a bar mini aikina. Maigidana ya ce in sa hannu kawai, kada taurin kai ya cinye mini fansho. Ƙanwata kuma tsokanata take yi, wai shugabar ƙaramar hukuma mai baro. Ina tsoron rasa aikin nan, ba zan ɓoye miki ba, yara uku nake ci da su. Amma ban yi sata ba, kuma hannun nan nawa ba zai yaye bargo daga jikin tsohon nan ba. Ya zan yi?

Taki, Mai Tsintsiya

'Yar'uwa Mai Tsintsiya,

Bari in fara da wanda ba za ki so ji ba. Kin ɗauki kaya ba izini, wannan kuskure ne. Dokar sa hannu ma ba don mugunta aka yi ta ba, an sha ganin kayan agaji sun ɓulla a kasuwa. Maigidanki kuma ba rago ba ne, tukunyar gidanku yake dubawa, ki sassauta masa.

Amma kada ki sa hannu a takardar da ta kira ki ɓarauniya. Ita ce za a zaro gobe a kore ki da ita. Ki rubuta taki: kin nemi afuwar ɗauka ba izini, ba ki nemi afuwar rabawa ba. Ki bi mutum shidan nan, kowa ya dangwala yatsa cewa ya karɓa, sa hannun da ake nema ke nan. Ki tafi da kansilan unguwarku da wakilin ƙungiyar ma'aikata, kada ki shiga ɗakin nan ke kaɗai. Baba Almakashi kuma a kai shi asibiti a makon nan, bargo ba ya maganin tari.

A gaban kwamiti ki rage murya, amma kada ki rage magana. Ki nuna musu cewa ba su da ma'aikacin da ya fi masu shara sanin ƙofar da ta kwana biyu a rufe. Su ba ku takarda ku rubuto sunaye, a haɗa ku da ma'aikacin lafiya, a bi gida-gida da barguna, a sauko da teburin rabon nan ƙasa.

In kuma suka dage sai an dawo da bargunan, kada ki yi musu. Ki ce sun san ke ba za ki iya ba, amma za ki tura baro ki nuna musu hanya, su shiga da kansu su karɓa. Ban ga wanda zai tsaya a kan Baba Almakashi ya ja bargon nan ba. Kin ga ke nan sun kai ziyarar da ya kamata su kai tun farkon sanyi.

Allah ya tsare miki aikinki, ya ba tsohon lafiya, ya ɗumama ɗakinki kamar yadda kika ɗumama na wasu.

Antinku