Tartsatsin da ke riga tsawa

Litinin, 8 ga Satumba
Hadari na uku ke nan na'urata ta auna walƙiya ba ta kama komai ba. Eriyar na kan rufin gidanmu inda ma'aikacin sashenmu ya kafa ta (ni ba na hawa), waya ta sauko ta tagar falo, komai daidai. Na buɗe kwamfuta, wayam. Farfesa ya ce in damina ta wuce ban kawo ko tartsatsi ɗaya ba, sai dai in haƙura da digirin. Ya faɗa yana latsa wayarsa.

Alhamis, 11 ga Satumba
Ƙanwata ta ce wai me nake farauta a sama. Na ce kafin walƙiya akwai ɗan tartsatsin lantarki da ke ƙyastawa cikin hadari, wani ya mutu nan take, wani ya haifi tsawa. Ta ce, "To Anti, in kin kama shi miya za ki yi da shi?"
Ban gaya mata tazarar da ke tsakanin tartsatsin da tsawar nake son aunawa ba. Shekara shida ke nan da na roƙi Yaya ya hau rufi ya kwaso mini shanya, tsawa ta same shi a can. Da na ɗaga kai, da na ga alama na kira shi?

Asabar, 20 ga Satumba
Na dawo da wuri, hadari ya haɗo. Na tarar da Baba durƙushe bayan kujera yana zare filogin na'urata. Ashe shi ne. Tun rasuwar Yaya, da ya ga gari ya yi baƙi sai ya bi gida yana cire komai, har agogon bango mai batir. In ruwa ya ɗauke ya mayar.
Na yi masa tsawa, ni, Baba. Ya ce, "Tsawa ta ɗauke mini ɗaya, kin kafa mata ƙarfe kina kiranta."
Na tsani kaina.

Lahadi, 21 ga Satumba
Ba ma magana. Gari tas.

Laraba, 1 ga Oktoba
Rana ƙwal. Shi ke nan, ta ƙare mini.

Alhamis, 2 ga Oktoba
An yi ruwa da la'asar, ƙila na ƙarshe. Baba ya zauna a falo, hannuwansa cikin cinyoyinsa, yana kallon soket. Kowace tsawa sai kafaɗarsa ta zabura. Bai taɓa filogin ba. Na zauna kusa da shi.

Juma'a, 3 ga Oktoba
Tartsatsi biyar. Huɗu sun mutu a sama, ɗaya ya sauko. Farfesa ya ce sun yi kaɗan, amma zai duba.
Na auna na biyar ɗin sau uku. Daga ƙyastawarsa zuwa saukar tsawa ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Bakina ma ba zai buɗe ba, balle in kira Yaya.
Ban ji daɗi ba, kuka na yi a banɗakin sashe.
Da yamma na kwaso shanya. Sai da na sauko na tuna daga ina.